YouTube ko Digital Concert Hall: a ina za ka fara kallon kiɗan manyan makaɗan Turai?

Ɗan'uwa, ka ce ka ci karo da wani guntun bidiyo na makaɗan Berlin wanda bai wuce minti uku ba, ya shiga ranka, da ka nemi cikonsa sai aka tura ka wani shafi mai neman kuɗi. Kana tambaya ko ka biya, ko kuwa abin da ke YouTube kyauta zai ishe ka. Ina amfani da duka biyun, kuma shawarata ita ce kada ka biya tukuna. Bari in jera maka su kafaɗa da kafaɗa ka ga dalili.

Guntun da ka gani na Berliner Philharmoniker ne, ƙungiyar da aka kafa a 1882. Da gangan suke yanke shi gajere, don su ja ka zuwa shafinsu mai suna Digital Concert Hall, wanda suka buɗe a 2008 lokacin da Simon Rattle ke jagorantar su, wato shi ne mai tsayawa gabansu yana bi da kiɗan. A can suna watsa wasa kusan 40 kai tsaye a kowace kakar kiɗa, bayan 'yan kwanaki kuma wasan ya shiga taskar ajiya, inda akwai tsofaffin finafinan zamanin jagororinsu na baya, Herbert von Karajan da Claudio Abbado, har zuwa Kirill Petrenko da ya karɓi ragama a 2019. Gida ɗaya ne, makaɗa ɗaya, kuma mafi yawan wasannin a zaure ɗaya aka ɗauke su, wato Philharmonie da aka buɗe a 1963, inda dandamali ke tsakiya, masu kallo suka kewaye shi ta kowace fuska.

Shi kuwa YouTube ba abu ɗaya ba ne, kuma a nan mutane da yawa ke ɓata. Akwai tarkacen nan masu hoton kyandir ko dusar ƙanƙara da aka rubuta wa "awa uku na kiɗan kwantar da hankali". Ka bar su. Guntaye ne aka harhaɗa, ba sunan makaɗa, ba shekara, wani lokaci ma sunan mai kiɗan kuskure ne. Akwai tsofaffin wasanni da masoya suka ɗora da kansu, hoton ya dushe amma abin da ke ciki zinariya ne, irin wasan da Carlos Kleiber ya jagoranta a Amsterdam a 1983, na simfoni (dogon kiɗa na taron makaɗa) ta 7 ta shahararren mawallafin kiɗa Beethoven. Sai kuma tashoshin da makaɗan ko gidajen rediyo suka buɗe da kansu, kuma su kaɗai nake kwatantawa da na Berlin. Wadda na fi so ita ce hr-Sinfonieorchester, makaɗan gidan rediyon jihar Hessen da ke Frankfurt, waɗanda Alain Altinoglu ke jagoranta tun 2021. Akwai AVROTROS Klassiek ta ƙasar Holan, mai yawan ɗauko wasa daga zauren Concertgebouw na Amsterdam. Akwai kuma DW Classical Music, ta gidan nan da muke sauraren sashensa na Hausa. Dalilin da ya sa suke bayarwa kyauta shi ne jama'ar ƙasashensu sun riga sun biya: a Jamus, alal misali, kowane gida yana biyan kuɗin rediyo da talabijin duk wata, daga ciki ake riƙe makaɗan gidajen rediyo.

Ta fuskar iya kiɗa, Berlin ta fi, ba na musun wannan. Idan masu gogensu suka haɗu a kan sauti ɗaya, akwai wani kauri da nauyi da ba kowa ke da shi ba, masu busarsu kuma kowanne gwani ne da zai iya tsayawa shi kaɗai a dandamali. Amma tazarar da ke tsakaninsu da Frankfurt ba wadda kunnen sabon shiga zai kama ba ce, balle ta lasifikar waya. Su ma na Frankfurt ƙwararru ne na gaske. Sai ka saurari kiɗa ɗaya a hannun ƙungiyoyi da dama kafin ka fara jin inda wannan ya ja numfashi, wancan ya yi gaggawa.

Abin da ya fi muhimmanci gare ka yanzu shi ne aikin kyamara, kuma shi ne dalilin da ya sa nake cewa a kalla, kada a tsaya ga sauraro kawai. Mutum tamanin ko ɗari ne ke kiɗa lokaci guda. Kunne da bai saba ba sauti ɗaya dunƙulalle zai ji. Amma mai tsara hoto na kirki yana zaune ne da rubutaccen kiɗan a gabansa, ya san a daƙiƙa kaza mai sarewa zai shigo, a daƙiƙa kaza tambura za su amsa, sai ya kai kyamara kan mutumin daidai lokacin da ya ɗaga kayansa. Idonka sai ya koya wa kunnenka. Bayan wasa kaɗan za ka ga kana rarrabe muryar sarewa da ta abin busar nan mai kama da algaita ba tare da ka duba ba. A Berlin kyamarorin a kafe suke cikin zauren, daga wani ɗaki ake juya su, kuma aikinsu tsaf yake kowane lokaci. A Frankfurt da Amsterdam ma haka ake yi, ma'aikatan talabijin ne da suka san aikinsu. Nan dai sun kusa yin kunnen doki. Inda za ka sha wahala shi ne bidiyon da wani ɗan kallo ya ɗauka da waya daga kujerarsa.

Inda shafin kuɗi ya yi zarra shi ne natsuwa. Simfoni tana zuwa ne kashi-kashi, galibi huɗu, da ɗan shiru a tsakani wanda masu kallo ba sa tafi a cikinsa. Wannan shirun yana cikin kiɗan. A YouTube sai ana tsakiyar kashi mai sanyi talla ta faɗo da ƙara, ta wargaza abin da aka yi minti goma ana ginawa. Abin yana min ciwo ƙwarai. A abin da na gani, ya fi yawa a tashoshin masu kwafo kayan wasu, tashoshin gidajen rediyo sun fi sauƙi, amma tabbas ɗin babu. A Digital Concert Hall ba talla, sautin ya fi tsabta, kuma komai a jere yake: ka nema da sunan mawallafin kiɗa, ko jagora, ko shekara, ga bayanin kowane wasa, ga hira da jagoran. Hirarrakin ma ana kallonsu ba tare da biya ba.

Sai batun aljihu. Na Berlin da kuɗin Turai ake biya, na mako ko wata ko shekara, kuma ka san yadda katin bankinmu yake da sayayyar waje, yau ya wuce gobe ya ƙi. Ga data a kai. Wasa guda na dare yakan kai awa biyu, a hoto mai kyau kuwa ba ƙaramar data zai ci ba. A YouTube kana iya rage hoton zuwa 360p, ka ci gaba da ganin hannun mai goge, sautin kuma bai canja sosai ba. Tashar Frankfurt tana da wata fa'ida a nan: yawanci kiɗa ɗaya take sawa a bidiyo ɗaya, minti goma sha biyar ko arba'in, da sunan jagora da ranar wasa a ƙasa. Manhajar Berlin tana barin mai biya ya sauke wasa ya kalla daga baya, wanda ke da amfani idan kana samun wayfay a wurin aiki. Da za ka kashe kuɗi a wannan mataki, iyafis mai kyau ya fi cancanta da su, don wannan kiɗa yana sauka ƙasa kamar raɗa sannan ya tashi da ƙarfi, lasifikar waya kuwa rabin farkon take haɗiyewa.

Akwai wasu shafuka biyu a gefe. ARTE Concert ta Faransa da Jamus kyauta ce, 'yan'uwa na Nijar masu Faransanci za su ji daɗinta, sai dai wasu wasannin a kulle suke ga wanda ke wajen Turai. Shi kuma medici.tv na kuɗi ne kamar na Berlin, amma ƙungiyoyi da yawa ya tara. Bidiyon bikin Proms na Landan, wanda ake yi tun 1895, a manhajar BBC na mazauna Birtaniya ne kawai.

In da ni ne kai, da Boléro na Maurice Ravel zan fara, na 1928, kusan minti goma sha biyar. Ƙaramar ganga ce ke riƙe da kiɗa ɗaya tak daga farko har ƙarshe, kayan kiɗa suna karɓar amo ɗaya bayan ɗaya, don haka kyamara za ta gabatar maka da kusan kowa a dandamalin. Daga nan ka wuce Scheherazade na Rimsky-Korsakov, na 1888, wanda aka gina a kan labaran Dare Dubu da Ɗaya da muka sani. Goge guda ɗaya ne muryar matar sarki mai ba da labari, kuma za ka ji yana dawowa a kowane kashi. Sannan simfoni ta 9 ta Dvořák, wadda aka fara kaɗawa a New York a 1893, ka ba kashi na biyu hankalinka duka. Ta 9 ta Beethoven, mai mawaƙa a kashin ƙarshe, ta haura awa guda, ka ajiye ta sai ranar da kake da lokaci da caji. Wajen nema, ka rubuta sunan mawallafin da na kiɗan, ka ƙara da hr-Sinfonieorchester ko AVROTROS, ka kuma duba sunan tashar kafin ka danna.

Ranar da ka ga kana neman jin yadda Karajan ya bi da wani kiɗa da yadda Petrenko ya bi da shi a wannan zaure ɗaya, ko kana son zama a kan lokaci ka kalli wasa yayin da ake yin sa, lokacin biya ya yi. Ko a nan ma ka fara da tikitin mako guda, ka zaɓi makon da akwai wasan kai tsaye a cikinsa.