Tambayar da wani tsohon ɗan dambe ya ƙure ni da ita a Bankok

Tunda na zauna a Bankok, babban birnin ƙasar Tailan, ina ɗaura kayan sawa daga kasuwar Pratunam zuwa Kano, tumbi ya fara yi min sallama. Wani abokin sana'a, mutumin Maraɗi, shi ya ja ni gidan horon damben ƙasar, wanda suke kira Muay Thai. Mai horarwar wani dattijo ne ɗan firit, girarsa duk tabon gwiwar hannu. Da ya ji daga Najeriya nake sai ya zaro waya ya nuna min bidiyon dambenmu, ga hannu ɗaure da kara, ga kalangu na tashi. Nan take kaina ya kumbura. Sai ya jero min tambayoyi: ina makarantar koyonsa take, nawa ake biya a wata, wa ke ba da shaidar ƙwarewa, a wane kanti ake sayen zaren? Wai akwai Turawa cikin ɗalibansa da ke sha'awar zuwa.

Jama'a, me zan ce masa? In ce su sauka Kano su nemi unguwar mahauta? Haka na tsaya ina murmushin yaƙe, ɗalibansa na jiran adireshi.

Ba raini ya yi min ba, shi a wurinsa tambaya ce ta yau da kullum, domin nasu damben haja ce da aka jera a kanti. Farashi na manne a bango: na zuwa ɗaya, na mako, na wata har da ɗakin kwana da abinci. Kana biya a ba ka rasit, a naɗe maka hannu, a haɗa ka da mai riƙe maka matashin duka, shi kuma ba ya duba waya sai lokacinka ya cika. Safar hannun da ake sawa, irin su Fairtex da Twins, a ƙasar ake ɗinka ta, duniya na saye. Gwamnati ma ta shigo ciki: a 2024 ta fito da biza ta shekara 5 wadda koyon dambe na cikin dalilan samunta, in dai ka nuna bat 500,000, wato kuɗin ƙasar, a asusunka. Wato mutum ya kwaso kuɗinsa daga Jamus ko Amurka ya zo a harbe shi da ƙafa a cinya, ya yi godiya, baɗi ya dawo.

Abin da ya fi ci min rai shi ne su ma da igiya suka fara. Naɗe hannu suke yi da ita kamar mu, har zuwa 1928 da wani ɗan dambe ya mutu a fage a Bankok, aka tilasta safar hannu. Aka zo da awon nauyi da agogo, turmi 5 na minti uku-uku. Filin Rajadamnern ya buɗe a 1945, na Lumpinee da ke hannun sojojin ƙasar a 1956, a 1999 kuma aka yi wa sana'ar dokarta. Duk da haka ba su yar da gargajiya ba. Har gobe ɗan dambe sai ya shigo da wani kambu a ka, ya zaga fage, ya yi rawar girmama malaminsa, masu algaita da ganga na binsa har a tashi wasa. Sunan gidan da ya rene shi ma shi yake ɗauka a matsayin sunan mahaifi.

Ranar da na je kallo, gwiwar hannu ta tsaga goshin wani yaro, jini ya rufe masa ido. Alƙali ya tsai da wasa, likita ya hau ya duba ya ce an gama, ba wanda ya yi musu. Sai na tuna wani gidan dambe a gida inda aka kashe wani ɗan ɓangaren Arewa, wato aka kai shi ƙasa, da naushi ɗaya, ya faɗi ba ya motsi, aka kwara masa ruwan leda aka ja shi gefe, makaɗa suka juya kan wanda ya yi kisan. Mu ne za mu yi wa mutum liƙin dubbai yana tsaye, in ya faɗi kuɗin allura ya gagara. Mu ne za mu haɗa ƙato da wanda bai kai rabinsa ba mu ce ai zuciya ce. Na ji wasu masu shirya gasa sun fara awon nauyi da kawo likita a 'yan shekarun nan, Allah Ya yi musu albarka, amma a ƙauye fa?

Kada ku ɗauka nan aljanna ce. A wani fili na ga kuɗin da aka karɓa a hannuna ya ninka na ɗan ƙasa sau da yawa, don kawai ni baƙo ne, ba ko kunya. Caca kuwa a bainar jama'a ake yinta, da yatsu ake ciniki daga wannan ɓangare zuwa wancan, ihun da kake ji rabinsa na kuɗi ne. Mafi muni shi ne yara. A karkara 'yan ƙasa da shekara 10 na hawa fage don ciyar da iyayensu, a 2018 ma wani ɗan shekara 13 ya mutu bayan dukan da ya sha a ka. Wannan kam ko kyauta ba na so a kai mana.

Sannan algaitarsu ba ta motsa ni. Ba kirari, ba mai ɗaga hannu ya kira sunan kakansa, ba ɓangarorin dambenmu irin su Guramada da Jamus suna zolayar juna, ba ƙurar yamma bayan an kawar da amfanin gona. Abokina na Maraɗi kullum gori yake min, wai su a Nijar tun 1975 gwamnati ke shirya gasar kokawa ta takobi, kowace jiha da filinta, ƙasa gaba ɗaya na bi a rediyo da talabijin. Gaskiyarsa, su in an tambaye su akwai inda za su nuna.

Don haka, masu ruwa da tsaki a harkar dambe, in akwai mai gidan da ke karɓar baƙo ya koya masa, da ɗakin kwana da tsayayyen farashi, ya aiko min da bayani. Ku haɗo da zaren kara ko ƙulli goma ne ta hannun 'yan kasuwar da ke tahowa, ni zan biya kuɗin awo.