Kafin ka sayi littafin duniyar wasa, duba wa ke riƙe da labarin

Daren Asabar bayan Isha'i muke haɗuwa a zauren gidanmu na Ƙofar Marusa, mu biyar, da tabarma da fulas ɗin shayi da dayis mai fuska 20, wato ɗan ƙwallo mai lambobi da ake jefawa. Wasan tebur muke yi, irin na ba da labari a cikin ƙirƙirarriyar duniya. Ni ne mai jan wasa. Ni ke ba da labari, kowa ya shiga rigar jarumin da ya ƙirƙira, in aka yi takaddama dayis ya raba. Wani dare na ce sarkin wani gari ya aiko a kira su fada, sai ƙanena ya ɗaga waya sama.

"Yaya, ai sarkin nan ya mutu tun tuni. Ga shi nan a intanet."

"A wurin wa ya mutu?"

"A wurin masu abin mana!"

Har shayi ya huce ba mu je fadar ba. Abin da ya tsayar da mu shi ake kira kanon, wato ruwayar da kamfani ya sa wa hannu a kan tarihin duniyar da ya ƙirƙira: wa ya yi sarauta, wa ya mutu, wane gari aka ci da yaƙi. Littafi ɗaya na irin waɗannan duniyoyi yakan kai kusan dala 50, ban da kuɗin kawowa, don haka kafin ka zare kuɗi gara ka san irin igiyar da za ka ɗaura wa kanka.

Duniyar da kowa ke fara ji ita ce Forgotten Realms ta wasan Dungeons & Dragons, wadda Ed Greenwood ya ƙirƙira, aka fitar da ita kasuwa a 1987. Amfaninta shi ne komai an riga an rubuta. Ka tambayi sunan masauki a birnin Waterdeep, akwai. Matsalarta ma dai ita ce komai an riga an rubuta, a littattafan wasa da na hikaya da wasannin kwamfuta, kuma ɗan wasanka mai data ya fi ka sani. Ga wani abu: a 2008 kamfanin wasan, Wizards of the Coast, ya jefa wa duniyar annobar sihiri, ya tura kalanda gaba da kusan shekara 100, mutanen da 'yan wasa suka saba da su da yawa suka zama tarihi dare ɗaya. Wanda ya tara tsoffin littattafai ya wayi gari da kaya kamar tsohon kuɗi bayan canji. A 2021 kamfanin Wizards of the Coast ya sassauta, ya ce a wasan tebur littattafan bugu na biyar, daga 2014 zuwa gaba, su kaɗai ne abin dogaro. Ka riƙe wannan, makami ne a kan mai ɗaga waya.

Golarion ta wasan Pathfinder, na kamfanin Paizo, kalandarta tana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da tamu: 2019 a nan ita ce 4719 a can. Da bugu na biyu ya fito a shekarar, sai aka shigar da sakamakon tsoffin labaransu cikin tarihi, ko kun buga su ko ba ku buga ba. Mai son bin labari kamar shirin dogon zango zai ji daɗinta, amma aljihunsa zai gaya masa. Abu biyu ke jan hankali a nan: dokokin wasan suna nan kyauta a shafin Archives of Nethys, kuma littafinsu na yankin Mwangi na 2021 an gina shi a kan al'adun Afirka.

Ni dai Eberron na zaɓa, ita ma ta wasan Dungeons & Dragons ce, bari in faɗi dalili. Keith Baker ne ya ci gasar ƙirƙirar duniya, aka buga ta a 2004, kuma tun daga lokacin agogonta a tsaye yake a shekara ta 998 a kalandarta, shekara biyu bayan ƙarewar yaƙin da ya ɗauki kusan ƙarni guda. An sake bugawa a 2019, agogo bai motsa ba. Duk abin da ya faru daga ranar, naku ne. Har babban sirrin duniyar, abin da ya shafe ƙasar Cyre a wuni ɗaya, da gangan aka ƙi ba da amsarsa. Ƙanena ya kwana yana bincike, ya dawo hannu rabbana.

Wannan ya tuna min da Daura. Ka zauna da dattawa uku su ba ka labarin Bayajidda, kowa da inda zai tsawaita da inda zai taƙaita, wani ya daɗe a Borno, wani ya tsaya a wurin maƙeran Gaya. Amma rijiyar Kusugu tana nan, macijiya tana nan, Daurama tana nan. Irin kanon da nake so ke nan: turaku kaɗan masu ƙarfi, sauran fili a bar wa mai ba da labari. Masu Glorantha, duniyar Greg Stafford, sun ma mayar da abin ƙa'ida, cewa Glorantha ɗin kowa dole ta bambanta da ta wani.

Akwai batun da masu sharhi na waje ba sa kawowa, mu kuwa shi za a fara tambayar ka a gida. A Forgotten Realms da Golarion, ababen bautar da aka ƙirƙira suna da hannu dumu-dumu a tarihi, cire su sai ka warware rabin saƙar. A Eberron an bar su can nesa, ba sa saukowa su yi magana da kowa, saboda haka ture su gefe ba wuya, ka shiga harkar 'yan leƙen asiri da jirgin ƙasa da rikicin gidajen attajirai. Ga zaure irin namu wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Greyhawk ta Gary Gygax ita ce ta mai ƙaramin ƙarfi. An sa taƙaitaccen bayaninta da taswira a cikin littafin mai jan wasan Dungeons & Dragons na 2024, ba sai ka sayi wani daban ba.

In kuma ba ka taɓa bugawa ba sam, kada ka sayi komai tukuna. Sauke dokokin farko na Dungeons & Dragons, kyauta ne, ka kai shagon kwamfuta a buga maka 'yan shafuka, ka zana gari ɗaya mai ganuwa da ƙofofi a bayan kwali. Ku yi wata biyu a haka. In ka ga mutanenka masu tambayar "daga nan sai ina?" ne, Eberron ko Greyhawk. In masu tambayar "wane ne kakan sarkin?" ne, to ka haƙura ka sayi Forgotten Realms, amma tun daren farko ka faɗa musu ƙarara cewa abin da aka faɗa a kan tabarma ya rinjayi abin da ke cikin waya.

Sarkin nan kuwa yana nan daram a kan gadonsa. Makon jiya ma ya ci ƙanena tarar raƙuma uku, saboda ya shiga fada da takalmi.