Wasiƙa daga Jamus: kujerar 'yan gem da ka ce in aiko maka

Ƙanena, gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da mutanen gida baki ɗaya. Na ga hotuna huɗun da ka turo, na kuma ga yadda ka zagaye baƙar kujerar nan ta masu gem, wato wasannin kwamfuta, mai tambarin jemagen Batman da jan layi, ka rubuta a ƙasa, "Yaya, ita nake so." Jinkirin amsar da ka gani ba mantuwa ba ce. So nake in ba ka bayanin da na tabbatar, domin na zauna a kan irin waɗannan kujeru da dama, na saya, na mayar, wata kuma ta mutu a ɗakina ina ji ina gani. Tunda ba kai kaɗai ke yi min wannan tambaya ba, na ga gara in rubuta a fili, mai sha'awa ya karanta.

Kada ka zaci zan raina maka abin da kake so. A birnin Kolon ake yin Gamescom duk watan Agusta, babban baje kolin wasannin kwamfuta da aka fara tun 2009. Da na je, na ga dattijo mai furfura yana bin layi don kawai ya zauna a kujerar da aka ɗinka wa tambarin wasan da ya taso yana bugawa. Da layi ya zo kansa, sai da ya shafa ɗinkin da tafin hannu kafin ya zauna. Ƙauna ce ta gaskiya. Mutum ya shafe shekaru tare da wani labari, ya san jarumansa kamar 'yan uwansa, ba abin mamaki ba ne ya so ya ga alamarsu a inda yake yini. Ni ma abin ya taɓa ni.

Sai dai ido ne ke zaɓar kujera, baya kuma shi ke zama da ita.

Ka lura duk fasalinsu ɗaya ne: doguwar majingina, kafaɗu masu fukafukai, wani lokaci da ramuka biyu wajen wuya. Kujerar motar tsere aka kwaikwaya. Kamfanin DXRacer, wanda da ma kujerun mota yake ƙerawa, shi ya fara ɗora irin wannan kujera a kan tayoyi a 2006, saura suka bi sahu. A cikin mota fukafukan suna da aiki, su ke riƙe direba idan ya sha kwana da gudu, ramukan kuma na bel ne. A ɗaki babu kwana, babu bel. Idan kafaɗarka na da faɗi, ko kana son naɗe ƙafa kana zaune, fukafukan nan matse ka za su yi. Shi ya sa masu tsadar na yanzu suke ta rage su, mazaunin yana ƙara zama shimfiɗaɗɗe.

Wadda ka zagaye ta Secretlab ce, kamfanin ƙasar Singafo da Ian Ang da Alaric Choo suka kafa a 2014. Ta Batman ɗin sun fara fitar da ita a 2019, shekarar da jarumin ya cika shekara 80. Suna da na Star Wars, da na gidajen sarautar Game of Thrones, da na League of Legends, da na Minecraft, da sauransu da yawa. A nan Jamus akwai noblechairs na birnin Balin, masu kujerun Fallout da Doom da ta ƙungiyar tseren mota ta Mercedes-AMG Petronas. Na gwada na kamfanonin biyu, kuma duk sosonsu na da tauri. Wanda ya saba da kujerar falo zai ce dutse ne a ranar farko, amma da gangan aka yi shi haka, don soso mai laushi ne ke saurin lotsawa.

Ga abin da nake so ka riƙe da kyau. Kujerar Secretlab samfurin Titan Evo mai tambarin jemage da Titan Evo baƙa wadda ba zane, a ciki abu ɗaya ne. Ƙarfen ɗaya, soson ɗaya, bututun iskar da ke ɗaga ta ɗaya, madogaran hannu ɗaya. Dukansu suna kwantawa har digiri 165, dukansu na da matashin wuya mai maganaɗisu da ke mannewa ba tare da igiya ba, da maɓallai a gefe da ake murzawa don tokare kwankwaso. Bambancin na riga ne kawai: launi, ɗinki, tambari. Ƙarin kuɗin da kake biya na wannan rigar ne da na lasisi, saboda sai kamfanin kujera ya biya masu jarumin kafin ya ɗinka shi. Ba na ganin laifi a nan, aikin ɗinkin yana da kyau ƙwarai, zare ne aka zuba, ba fenti ba. Amma ka san me kake saya. Ita marar zanen ma a nan tana haura Yuro 500, da harajin kaya na kashi 19 cikin 100 a ciki.

A 2022 Secretlab suka fito da riga ta daban da ake saka wa kujerar, a cire a wanke, a canza wata. A ganina wannan ce dabarar da ta fi dacewa da mai son jarumai, domin zuciya na sauyawa. Wanda kake mutuwar so a bana, bayan shekara uku wani ne zai maye gurbinsa, kujera kuwa ana so ta daɗe fiye da haka.

Yanzu maganar fata, wadda ita ce ta ƙona ni. Shekarata ta farko a nan na sayi wata ja da baƙi a intanet, kuɗinta bai kai Yuro 150 ba, da hoton wani jarumi a bayanta, kuma da gani ba a biya lasisinsa ba. A hoto ba za ka bambanta ta da ta manyan ba. Kafin ta cika shekara biyu ledar ta fara tsagewa daidai inda cinya ke gogawa, daga nan ta shiga ɓarewa kamar ɓawon albasa, baƙaƙen ɓurɓushi a kafet, a wando, ko'ina. Bututun ya daina riƙe iska, ina zaune in ji ina nutsewa a hankali har haɓata ta kusa teburi. Mai sayarwar kuma ya ɓace daga shafin, sunan shagon ma babu shi. Da ma an ce araha ba ta ado. Na yi makonni kwankwasona na ciwo kafin in haƙura in fitar da ita ranar kwashe manyan shara.

Mafi yawan abin da ake kira fata a waɗannan kujeru roba ce da aka shimfiɗa a kan yadi. Gumi da zafi da laima su ne makasanta, su ke sa ta bushe ta farfashe. Ta masu tsadar ta fi juriya nesa ba kusa ba, amma ita ma roba ce, kuma tana riƙe zafi. A nan ma, inda rani bai fi 'yan watanni ba, na sha tashi rigata ta manne da baya. Akwai masu rigar yadi saƙaƙƙe, sun fi shan iska, sai dai suna shan datti, kuma yawancin zanen jarumai a kan leda ake yin su. Akwai na fatar gaske, kuɗinsu ya yi sama sosai. Ga wanda ke zaune inda ake zafi, yadi zan zaɓar masa ba tare da dogon tunani ba.

Amma abin da ya fi ba ni mamaki a ƙasar nan shi ne abin da ke biyo bayan ciniki. Kusan duk abin da ka saya ta intanet a Jamus, da sauran ƙasashen Tarayyar Turai, kana da kwana 14 ka fasa, ba sai ka faɗi dalili ba. Na taɓa yin odar wata da ta yi min girma, gefen mazaunin yana tokare min bayan gwiwa. Na cika fom, na kwance ta, na mayar cikin kwalinta, aka zo aka ɗauka, kuɗina ya dawo asusuna. Kuɗin dakon mayarwa ni na biya, domin doka ta ba mai sayarwa damar ɗora wa mai saye shi idan ya sanar tun farko, kuma dakon kwali mai wannan nauyi ba ƙaramin abu ba ne. Tun daga ranar ba na yar da kwalin kaya sai mako biyu ya wuce.

Bayan wannan akwai shekara biyu da doka ta ɗora wa mai sayarwa alhakin duk aibin da kaya ya zo da shi. Tun farkon 2022, idan aibin ya bayyana cikin wata 12 na farko, ana ɗauka da shi kayan ya zo, sai mai shago ya kawo hujjar akasin haka. Wannan doka ce, ba alfarma ba. Sannan garantin kamfani ya hau kai. Secretlab na ba da shekara 3, su ƙara zuwa 5 idan ka ɗora hoton kujerarka a shafin sada zumunta ka nuna musu, wato ka yi musu talla su biya ka da garanti. Idan taya ta karye ko madogarar hannu ta tsage, hoto da rasit kake turawa, su aiko da sabon ɓangaren kaɗai, ka ɗaura da kanka. Ba mai zuwa ya gyara maka. Tun ranar farko ma kai ne makanikin, kwali ne zai iso ƙofar gida, da ɗan makullin ɗaure noti da babbar takarda mai zane, ka durƙusa ka haɗa. Idan kana hawa na huɗu a gidan da ba lif, sai ka nemi mai kama maka.

To ka ga duk wannan kariya da na lissafa, doka ba ta amfani sai mai sayarwa yana nan ana iya kama shi, kamar yadda ta farkon nan ta koya min. Kuma ba ta bin kujera ta tsallake teku. Ranar da na ɗora ta a jirgin ruwa zuwa gare ka, kwana 14 ɗin zai ƙare tana kan hanya. Garantin da sunana zai kasance, da adireshina na nan. Idan bututu ya mutu, nan za a aiko da sabo, sai na sake neman mai tahowa ya riƙo maka. Nauyinta ya haura kilo 30, jakar da yawancin jirage ke yarda da ita kuwa kilo 23 ce, don haka maganar in riƙo ta a hannu ba ta taso ba. Ga kuɗin dako, ga na kwastan. Kusan rabin darajar kujerar nan a hidimar da ke bayanta take, kuma wannan rabin a nan zai tsaya. Wannan ne ya fi damuna, domin ba na son in aiko maka abin da zai zama abin kallo a lungu saboda ƙarfe ɗaya da ya lalace.

Akwai wani ɓangaren kasuwar da hotunanka ba su nuna ba. Herman Miller, kamfanin Amurka da ya yi suna a kujerun ofis tun fitowar Aeron a 1994, ya haɗa kai da Logitech G, masu ƙera kayan wasannin kwamfuta, a 2020 suka fitar da Embody ta 'yan gem a kan Dala 1,495. Ba fukafukai, ba jarumi, sai ɗan shuɗi a bayanta. Garantinta shekara 12. Na zauna a kanta a wani shago, kuma gani ya kori ji, majinginar tana bin motsin baya kamar da rai. Ba ni da kuɗinta sabuwa. Amma a nan idan ofis ya rufe ko ya tashi, ana zuba irin waɗannan kujeru na hannu a shafin Kleinanzeigen da sauƙin kuɗi sosai, sai dai garantin na mai saye na farko ne. Wadda nake kai yanzu ina rubuta maka, ta ofis ce ta hannu, bayanta raga, kuma tun da na same ta ban sake jin kwankwasona ba. IKEA ma sun shigo harkar a 2021 tare da ROG na kamfanin Asus, nasu na masu ƙaramin ƙarfi ne, kuma a shagonsu kana iya zama ka gwada kafin ka biya, abin da ba ka samu a kamfanonin da sai ta intanet suke sayarwa.

Da wanda ke yin awa takwas a gaban kwamfuta yana aiki ne ya tambaye ni, ta ofis zan ce masa, ya rataye hoton jaruminsa a bango. Kai kuwa na san awa biyu zuwa uku kake yi da dare, kuma na san yadda kake ji da jemagen nan tun kana firamare. Don haka ban ce a'a ba. Shawarata ita ce mu ɗauki marar zane mai rigar yadi, mu duba ko akwai rigar jarumin da ake sakawa a kai, in kuma haɗo maka da bututu ɗaya da tayoyi na ajiya a kwali ɗaya, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Zan jira rangwamen ƙarshen watan Nuwamba, lokacin ne farashinsu ke sauka.

Kafin nan ina buƙatar awo. Kujerar girma uku ce, matsakaiciyar ta mai tsayin santimita 170 zuwa 189 ce, babbar kuma tana ɗaukar har kilo 180. Ka tsaya jikin bango ba takalmi a auna tsayinka, ka hau sikeli, sannan ka auna daga ƙasa zuwa ƙarƙashin teburinka, don kada madogaran hannu su ƙi shiga. Ka turo min ukun kafin ƙarshen wata. A gaida Umma da kyau, ka ce mata zan kira ranar Lahadi in Allah ya kai mu.