Gargaɗi: kada wanda ya aika wa mutumin nan tankin baburinsa

Masu tsofaffin babura, ku ji ni da kyau. Akwai wani da yake yawo a intanet yana tallan cewa shi gwani ne wajen gyaran tanki da famfunan mai na tsofaffin baburan Ingila. Maƙaryaci ne, macuci ne. Ya karɓi rabin kuɗin aikina kafin ya taɓa komai, ya karɓi ragowar rabin kafin ya sako kayan, ya ƙara karɓar kuɗin fenti daban, sannan ya dawo mini da tankin da ya fi lalacewa a kan yadda na aika shi. Famfunana guda biyu na asali kuwa har yau suna hannunsa.

Baburin Triumph Bonneville T120 ne, ƙirar 1969. Masana'antar Meriden da ta ƙera shi an rufe ta tun 1983, saboda haka duk abin da yake na asali a jikinsa, in ya tafi ya tafi ke nan. Matsalar tankin ba wata babba ba ce: tsatsa a ƙasa, da 'yan ƙananan huji kusa da ɗinkin walda inda mai yake tsattsafowa. Famfunan kuma suna ɗiga ko an kulle su. Man yanzu da ake gauraya shi da itanol yana jan ruwa daga iska, in babur ya daɗe a ajiye sai ruwan ya kwanta a ƙasan tanki yana cin ƙarfe daga ciki. Abin da ya samu nawa ke nan.

Kuma kada wani ya zo ya ce mini ban yi bincike ba. Na yi. Na tambaye shi, ya amsa. Kafin ma in gama bayani ya katse ni ya ce, "Yallaɓai, tankin naka na kafin 1971 ne ko na bayanta? Don daga 1971 sun mayar da man inji cikin firem, tankin ya canza zama." Wallahi wannan tambayar ce ta ɗaure ni. Wane ɗan damfara ne ya san wannan? Ya ce haƙoran famfon, wato zaren da ake murɗa shi da shi a jikin tanki, irin na Ingila ne, BSP na kwatan inci, haƙori 19 a kowane inci, kada in yarda wani ya cusa mini wani iri. Shi da bakinsa ya faɗa. Ya ce zai wanke tankin daga maiƙo, ya cire tsatsa da ruwan asid, ya busar da shi ƙarƙaf, ya kore tururin fetur kafin ya kusanto da wuta, ya like hujin da tagulla, sannan ya hura masa iska kaɗan ya shafa ruwan sabulu ya ga ko kumfa za ta tashi. Duk wanda ya san aikin nan ya san haka ake yi, babu tsallake ko ɗaya. To a kan me zan yi zarginsa? Na tura rabin kuɗin.

Ranar da na zuba mai a tankin bayan ya dawo, ko tayar da inji ban yi ba na ji wari. Na leƙa sai ga fetur yana bin jikin famfon hagu yana sauka a kan kafireta, ɗis, ɗis, dab da kan silinda. Ku da kuka san baburin nan kun san inda famfunan suke. Da a ce injin da zafi, ko tartsatsi ya tashi daga wayar filogi, da wani labarin ake yi yanzu.

A'a, kafin nan ma akwai maganar bidiyon. Ya turo mini bidiyo yana haska cikin wani tanki da tocila, ciki fes, ƙarfe yana ƙyalli. Ya ce, "Yallaɓai ga naka nan, saura cikon kuɗi in sako." Na tura ragowar rabin. Yanzu da na koma ina kallon bidiyon nan ina sake kallo, ko sau ɗaya bai nuna wajen tankin ba. Bakin zuba mai kawai da hasken tocila. Ba nawa ba ne. Amma a lokacin, mutumin da ya tambaye ka "na kafin 1971 ne ko na bayanta," me zai sa ka ce ya juya kyamara?

Na sauke tankin na juye man a roba mai haske. Sai ga wasu ɓawo-ɓawo jajaye suna iyo a ciki, kamar fatar da ta saɓule bayan ƙuna. Ashe maganin shafen cikin tanki ya kwarara a kan tsatsar yadda take, bai wanke ba, bai busar ba. Shafen nan ba ya kama ƙarfe mai tsatsa ko maiƙo, ɗagowa yake yi, ya toshe rariyar famfo, ya bi tiyo ya shiga kafireta. Yanzu cire shi ya fi cire tsatsar farko wahala nesa ba kusa ba. Na ɗora mayen ƙarfe a ƙasan tankin, inda hujin suke, ya zame ya faɗi. Fila ce, wato ƙullin cike lotsa da mayen ƙarfe ba ya kamawa, ya cika wurin da ita ya fesa fenti a kai. Fentin da na biya kuɗinsa daban. Rabi, da rabi, da kuɗin fenti, a kan fila.

Famfunan su suka fi ƙona mini rai. Nawa na tagulla ne, masu nauyi a hannu, ɗaya na tafiya ɗaya na rizab. Gyaransu bai wuce a warware, a goge toshiyar ciki da mazauninta da man gugar ƙarfe mai laushi har su haɗe, a sa sabon washa ba. Abin da ya dawo mini da shi wasu ne marasa nauyi, 'yan kwaikwayo, kuma haƙoransu irin na Amurka ne, NPT, mai 18 a inci. Irin wannan yana shiga zagaye biyu ko uku sai ya cije. Shi kuwa ya sa sifana ya danne shi da ƙarfi, ya naɗe da farin tef, ya shafe da gam. Ya cinye haƙoran jikin tankin. Mutumin da ya gargaɗe ni kada in bari a cusa mini wani iri, shi ne ya cusa. Ya sani sarai. Wannan ne abin da ya hana ni barci, ba jahilci ba ne, da gangan ya yi.

Na kira shi. Da farko ya ce kamfanin aika kaya ne suka buga tankin. Buguwa ce take canza famfo? Sai ya koma ya ce nawa sun riga sun mutu ne shi ya sa ya taimaka mini da sababbi. Na ce Malam, to dawo mini da matattun, kayana ne. Ya ce gobe. Tun kafin in biya cikon ma da na tambaye shi hoton famfunan, gobe ya ce. Daga baya ya toshe lambata, shafinsa ya canza suna, amma hotunan aikin da yake tallatawa su ne dai, har da bidiyon tocilan nan.

Ni ba yaro ba ne a harkar babur, kuma ba arha na bi ba, kuɗinsa ma ya fi na wasu. Ilimin da ya nuna na biya. Duk wanda ya ji bayanin da ya yi mini a ranar zai tura rabin nan, ko waye shi.

Ina da komai a ajiye: hotunan hirarmu, rasit na rabin farko, rasit na rabin biyu, na kuɗin fenti, muryarsa yana cewa "haƙori 19," da hoton ɓawon da ya fito daga tankin. Zan ɗora su duka da zarar na rufe lambobin asusuna da suke jiki. Na kai ƙara, ana bin sawun asusun da ya karɓi kuɗin.

Ku cire famfunanku kafin ku aika tanki ko'ina. Ku buga wata alama a ƙasansa, a nuna muku ita a bidiyo ɗaya da cikin. Kada ku biya ciko sai kun gwada da mayen ƙarfe. In akwai wanda mutumin nan ya yi wa irin haka, ko aka yi masa tallan famfunan Triumph na tagulla guda biyu kwanan nan, ya neme ni.