Sikanar mota da mitar da aka mayar baya: abin da ta tono mini da abin da ya fi ƙarfinta

Duk mai sayen mota ta hannu, idonsa yakan fara sauka a kan lambar nan ta allon gaban direba, mai nuna nisan da motar ta ci tun fitowarta daga kamfani, wato mita. A kanta ake yanke farashi, kuma tana cikin abubuwan da suka fi sauƙin sauyawa a jikin mota. A da sai an kwance allon an murza lambobin da hannu, mai lura zai ga sun karkace. Yanzu da mita ta koma ta lantarki, kwamfuta ake jona wa motar a rubuta lambar da aka ga dama, ba a bar ko ƙwarzane ba. Abin da ya sa na sayi sikana ke nan, na kuma yi ta aiki da ita a lokacin da nake neman mota.

'Yar ƙaramar na'ura ce da ake sokawa a soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda ake kira OBD-II, sai ta riƙa aika bayani zuwa waya ta Bluetooth. Amurka ta wajabta wannan soket tun 1996, Turai kuma ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur, don haka da wuya a samu motar wannan zamani da ba ta da shi. Sai dai sikana iri biyu ce. Mai arahar matsalolin inji kawai take karantawa, ba ta da wani amfani wajen kama mai taɓa mita. Tawa irin wadda ke shiga kowace ƙwaƙwalwa ce, wato ƙananan kwamfutocin da ke kula da sassan mota: ta inji, ta giya, ta birki, ta jakar iska.

A nan amfaninta yake. Motoci da yawa ba a allo kaɗai suke ajiye nisan tafiyarsu ba. Idan wata matsala ta faru, ƙwaƙwalwar da abin ya shafa takan rubuta ta tare da lambar mita ta wannan lokacin. Wasu motocin suna ƙidaya awannin da inji ya yi yana aiki, masu shan dizal kuma sukan ajiye nisan da matatar hayaƙi ta yi wankinta na ƙarshe. Mai gaggawar cin riba yakan gyara allo ya manta da sauran.

Haka ta faru da wata mota da na so ƙwarai. Allonta na nuna kilomita 92,000, fenti na sheƙi, ciki ya sha gyara. Da sikana ta shiga ƙwaƙwalwar giya, sai ga tsohuwar matsala da aka rubuta a kilomita 171,000. Na nuna wa dillalin, ya ce, "Malam, ni ma haka na same ta." Wataƙila gaskiya ya faɗa, domin mota takan ratsa hannu da yawa kafin ta iso wurin mai sayarwa na ƙarshe. Ban saya ba. Abin da ya tsaya mini a rai ya wuce kuɗi: wanda ya sayi motar nan zai ɗauka bel ɗin taimin na inji yana da sauran lokaci, alhali ya daɗe da wuce wa'adin canji, kuma ranar da ya tsinke a kan hanya injin ma zai iya tafiya.

Sikanar tana da iyaka, kuma dole in faɗa. Ƙwararren macuci yana iya bin kowace ƙwaƙwalwa ya daidaita lambobin. Akwai ma wata na'ura da ake ɓoyewa a bayan allo ta hana mita ƙidaya tun ana cikin tafiya. A wasu motocin kuma sikanar ba ta nuna mini lambar mita ko ɗaya ba. Sannan saɓanin lamba ba kullum yake nufin ha'inci ba: idan an taɓa canza ƙwaƙwalwar giya da ta wata motar, za ta zo da tarihin waccan. A kuma lura ko mil ake nunawa ko kilomita, tunda mil ɗaya ya kai kilomita 1.6.

Shi ya sa nake haɗa ta da takardu da kuma ido. Lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 ita ce mabuɗin tarihin mota. A Birtaniya ana duba lambobin mita na gwajin shekara-shekara, wato MOT, kyauta a shafin gwamnati, a Amurka kuwa kamfanoni irin su Carfax na sayar da rahoto. Idan lamba ta ragu daga wata shekara zuwa ta gaba, magana ta ƙare. Jikin mota ma yana magana: robar birki da totur da ta sule, sitiyari mai santsi, kujerar direba da ta lotsa. Alƙaluma huɗu na ƙarshe na lambar da ke farawa da haruffan DOT a gefen taya suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta.

Ta fuskar doka, Amurka ta haramta taɓa mita tun 1972, kuma dokar 1986 ta tilasta wa mai sayarwa rubuta lambar a takardar mallaka. Hukuncin na iya kai ɗaurin shekara 3, wanda aka cuta kuma yana iya neman ninki uku na asararsa ko dala 10,000, duk wanda ya fi yawa. Ko gyara ne ya sa aka canza mita ba ta iya nuna tsohuwar lambar ba, dole a mayar da ita sifili a manna sanarwa a jikin ƙofar hagu. Duk da haka hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, NHTSA, ta ƙiyasta cewa ana sayar da motoci sama da 450,000 a shekara da lambar ƙarya. Jamus ta mai da taɓa mita laifi a 2005, da ɗaurin da ka iya kai shekara ɗaya. A Birtaniya sauya lambar kansa ba laifi ba ne, sayar da motar ba tare da an faɗa ba shi ne zamba, kuma a ganina wannan ƙofa ce da aka bari a buɗe. Tsarin da ya fi burge ni na Beljiyam ne, Car-Pass, da ya fara aiki a 2006: duk garejin da ya taɓa mota sai ya aika lambar mitarta zuwa rumbu ɗaya, kuma dole mai sayarwa ya miƙa wa mai saye takardar wannan tarihi. Rauninsa, kamar na sauran, shi ne da zarar mota ta tsallaka iyaka tarihinta yakan yanke.

Wanda zai sayi sikana, ya tabbatar tana shiga duk ƙwaƙwalen irin motar da yake nema kafin ya biya. Ya kuma adana rahoton da ta fitar tare da hoton allo da lambar shasi, domin su ne hujjarsa idan magana ta kai gaban hukuma.