Dajin Lekki ko bakin teku: Hajiya ga amsata

Wa alaikumus salam Hajiya. Tsakanin bakin teku da dajin Lekki da kike tambayar inda za ki kai yara yawon Sallah, ni dai ba zan ja miki rai ba, ki kai su dajin kawai, wato Lekki Conservation Centre ɗin nan da ke kan titin Lekki zuwa Epe, daf da ofishin kamfanin mai na Chevron.

Mu ƙaramar Sallar bara muka je, ana idar da asuba muka bar Agege don mu tsallake gadar Third Mainland kafin gosulo ya haɗu, kuma wallahi tunda aure ya kawo ni Legas ban shaƙi iska irin ta wurin nan ba. Kina yin nisa kaɗan da get, hon ɗin danfo da ƙarar janareta za su ɗauke kamar an kashe rediyo. Hanyar katako aka shimfiɗa ta ratsa cikin fadama, bishiyoyi sun rufe sama, ruwa a ƙasa, birai suna ta tsalle a kan reshe har suna sauka gaban mutum. Autana a nan aka haife shi, bai taɓa ganin biri ba sai a waya, ya ƙanƙame zanina yana leƙe yana dariya, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Kakarsu da ta zo mana Sallah daga gida ita ta fi kowa jin daɗi, tana hango tukurwa ta gane ta, ta tsaya tana ba su labarin yadda ake rufin ɗaki da gwangwala, yaran da kullum kansu na kan waya sai ga su sun zagaye ta suna ta tambaya. Ni wannan kaɗai ya biya ni kuɗin motar.

Wurin ba sabo ba ne, tun 1990 ƙungiyar kare muhalli ta NCF ta killace shi, hekta 78, kuma a 2015 aka buɗe gadar nan ta tafiya da ƙafa a saman bishiyoyi da kike gani a hotuna, mai tsawon mita 401, wadda ake cewa babu mai tsawonta a Afirka. Inda ta fi tudu ya haura mita 20, kuma tana lilo fa sosai, in kina da jiri ki zauna abinki a ƙasa ba abin kunya ba ne. Tikitinta daban yake da na shiga, ba a barin ƙananan yara su hau, in kuma ana ruwan sama rufe ta ake, to ki faɗa wa yaran tun a gida kar a yi miki kuka a can. Can ƙarshen hanyar akwai fili mai ciyawa da rumfuna da tafkin kifi, ga ɗawisu ga wani ƙaton kunkuru, a nan muka shimfiɗa tabarma muka buɗe kula, azahar ta yi muka yi sallarmu a natse ba wanda ya dame mu. Ledar abinci dai kar ki bar wa yaro a hannu, biran wurin sun saba da mutane, fizgewa suke.

Bakin teku kuwa, to, akwai iska, yara suna son rairayi da hawa doki, iyakar alherin da zan faɗa kenan. Wanda muka taɓa zuwa ba zan kira suna ba, amma kuɗin da muka kashe har yau yana min ciwo: kuɗin shiga, kuɗin fakin, kuɗin shigar da abincin da ni na dafa da hannuna, kujera ma sai an biya, sannan ga kiɗa kamar zai fasa kunne, ga kwalabe, ga shigar da ba za ki so yaranki su gani ba. Kuma tekun Legas ba kogi ba ne Hajiya, igiyar ruwan tana ja da ƙarfi, babba ma tana ɗauka balle yaro, wuni za ki yi a tsaye kina ƙirga kawuna.

Abin da ke ba ni takaici shi ne da can ba haka garin yake ba. Ki tambayi iyayenmu da suka daɗe a Obalende ko Idi-Araba, bakin tekun Bar Beach kowa zuwa yake, talaka da mai kuɗi, ka shimfiɗa tabarmarka ka zauna. Tun wajen 2008 aka fara cike wurin da yashi, yanzu sabuwar unguwar Eko Atlantic ce a kai. Bakin tekun Landmark da mutane suka koma, a Afrilun 2024 aikin titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba ya bi ta kansa. Sauran kuma duk inda kika nufa katanga ce da mai karɓar kuɗi a ƙofa. A gida yaro zai fita bayan gari ya tsinko magarya da kanya, ya bi ta gefen gonar mutane ya gaishe su ya wuce, ba mai tambayarsa tikiti, a nan kuwa ganin bishiya ma sai da kuɗi. Tunda dai ko ina biya za ki yi, gara ki biya inda kuɗin ke tsare dajin, don in kika dubi gidajen da suka zagaye wurin za ki san da ba a killace shi ba da tuni an yanka filaye.

Ba ki tambaya ba amma ki yi hattara da masu tallan "fakej" na yawon Sallah a WhatsApp da Facebook, su ce ki turo kuɗin mota da tikiti da abinci gaba ɗaya, ranar tafiya ki kira layi a kashe. Kar ki tura wa kowa ko sisi. Haka samarin da ke tare mota a bakin titi suna cewa su ne masu tikiti ko su ne masu fakin, ki wuce su, ki biya a kantar wurin ki karɓi rasit a hannunki. In kuma wani ya zuga ki zuwa bakin tekun Tarkwa Bay, ki sani ba mota ke zuwa can ba, sai jirgin ruwa, to duk mai jirgin da bai ba kowane yaro rigar kariya daidai jikinsa ba, ko ya ce a ƙara mutum ɗaya a matsa, ki sauko da yaranki ko da kin riga kin biya.

Ranar Sallah da washegari wurin cika yake, layin gadar ma kaɗai zai cinye miki wuni, in da hali ki bari sai an koma aiki ki zaɓi ranar da ba Asabar ba Lahadi ba. Ki sa musu kambas maimakon takalman Sallah, katakon yana santsi in an yi ruwa, ki ɗauki ruwan sha da yawa, kuma ki baro Lekki kafin la'asar ta yi sanyi in ba haka ba magariba da isha duk a kan gadar Third Mainland za su same ki.