Wilt, Hakeem, Shaq da Jokić: tsakanin ƙafa bakwai da ƙafa biyu

Ƙanena, tambayar da ka jefa mana a zaure shekaranjiya ce ta hana ni komawa barci bayan wasan dare. Ka ce ji kake manyan 'yan tsakiya na ƙwallon kwando, waɗanda yaran fili ke kira senta, sun ƙare tun zamanin Shaq, na yanzu duk sillan kara ne masu gudun ƙarƙashin kwando. Wani ya mayar maka da cewa na da ɗin ma ba wani abin kirki ba ne, wai Wilt Chamberlain gajeru ya samu ya yi ta cin kasuwa a kansu. Ka ce in raba gardama tunda na riga ku shiga fili. To bismillah, amma ku duka biyun zan taɓa.

Mu fara da tsawo, don shi ne ake sa wa tef a auna. Kwando dai bai taɓa motsawa ba, ƙafa 10 yake daga ƙasa, wato mita 3.05, a Amurka da nan Pantami duk ɗaya. George Mikan, wanda ya ci wa Minneapolis Lakers kofi biyar tsakanin 1949 da 1954, ƙafa 6 ne da inci 10. Bill Russell ma haka aka rubuta masa. Wilt, da ya shigo NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 1959, ƙafa 7 da inci 1. Kareem Abdul-Jabbar ƙafa 7 da inci 2. Shaquille O'Neal ya zo a 1992, shekara 33 bayan Wilt, tsawonsu ɗaya cif. To Nikola Jokić fa, wanda ake ta yi da shi yanzu? Ƙafa 6 da inci 11. Inci ɗaya tak ya fi Mikan, mutumin da ya buga wasansa na ƙarshe a 1956. Joel Embiid na Kamaru ƙafa 7. Idan ka jera su a bakin ƙofar shagon nan mai mita biyu da 'yan kai, duka sai sun sunkuya, kuma ba za ka iya cewa ga na da ga na yanzu ba daga inuwarsu.

Waɗanda suka fi kowa tsawo ma ba su ne suka fi kowa ba. Manute Bol ɗan Sudan da Gheorghe Mureșan ɗan Romaniya ƙafa 7 da inci 7 kowannensu, Yao Ming na Sin ƙafa 7 da inci 6, babu wanda ya ɗaga kofin NBA a cikinsu. Wes Unseld kuwa, ƙafa 6 da inci 7, ya zama gwarzon gasa a shekararsa ta farko, 1969, ya kuma ci kofi a 1978. Sannan ka riƙa sa gishiri kaɗan a waɗannan lambobi. Sai a 2019 NBA ta tilasta a riƙa auna 'yan wasa ba takalmi. Hakeem Olajuwon ƙafa 7 ke rubuce a takardarsa, shi da bakinsa ya ce ya fi kusa da 6 da inci 10.

Inda aka fi samun bambanci shi ne nauyi. Russell kilo 100 ne ko kusa da haka, Kareem ma bai wuce nan da yawa ba. Wilt wajen kilo 125. Shaq an rubuta masa 147, kusan buhun siminti uku ke nan, kuma duk wanda ya kalle shi a Lakers ya san ma'aunin an yi masa kara. Jokić wajen 129. Victor Wembanyama na Faransa, da San Antonio ta ɗauka a 2023, an rubuta masa ƙafa 7 da inci 4, amma nauyinsa a lokacin bai kai kilo 100 ba. In shi kake nufi da sillan kara, ban ce ka yi ƙarya ba. Sai dai sillan karan nan shi ya fi kowa tare ƙwallo a gasar tun shekararsa ta farko.

Yanzu ga mai cewa Wilt gajeru ya samu. A kakar 1961 zuwa 1962, wadda ya ci maki 50.4 a kowane wasa, ƙungiya 9 ce kawai a gasar, yau kuwa 30. Ƙarancin ƙungiyoyi yana nufin ƙarancin wurin ɓuya. Duk inda ka juya Russell ne, ko Walt Bellamy mai ƙafa 6 da inci 11, daga baya Nate Thurmond ya shigo shi ma da wannan tsawo. Wilt da Russell sun haɗu sama da sau 140. Daren da Wilt ya tsinci ƙwallo 55 daga kwando, a Nuwamba 1960, ba a kan wani gajere ya yi ba, a kan Russell da Boston ya yi. A waccan kakar ta maki 50 kuma, in ka raba mintunansa, yana buga minti 48.5 a kowane wasa, alhali wasan duka minti 48 ne. Ƙarin lokaci ne ya haura da lissafin. Mutumin ba ya zama a benci. Ka nemo mini ɗan tsakiya ɗaya yau da kocinsa zai bari ya yi haka mako biyu.

Amma kada in sayar maka da lambobin nan a kan farashin da ba nasu ba. Wasan wancan zamani gudu ne da jifa ba ƙaƙƙautawa. Ƙungiya kan yi jifa sama da 100 a wasa, yanzu ba ta kai 90, kuma sun fi na yanzu ɓarar da ita. Inda ɓari ya yi yawa tsintuwa ma za ta yi yawa. Shi ya sa Russell ya gama rayuwar wasansa da tsintuwa 22.5 a kowane wasa, yau wanda ya fi kowa a gasar 13 ko 14 yake samu. Wilt shi kaɗai yana jifa kusan 40 a dare. Maki 100 ɗin da ya ci New York ranar 2 ga Maris 1962 gaskiya ne, ba tatsuniya ba, amma a wannan kasuwar aka yi cinikin. Wani abin takaici kuma, sai a 1973 aka fara ƙirga tare ƙwallo a hukumance, bayan Russell da Wilt duk sun ajiye. Abin da Russell ya fi iyawa a duniya ba ya cikin littafi. Abin da ke ciki shi ne kofi 11 a shekara 13.

Abin da ya canja da gaske shi ne doka, kuma yawancin dokokin saboda waɗannan mutane aka yi su. Akwatin nan na ƙarƙashin kwando da muke cewa fenti, wanda mai kai hari ba ya wuce daƙiƙa uku a ciki, faɗinsa ƙafa 6 ne da farko. Saboda Mikan aka mayar da shi 12 a 1951, saboda Wilt aka kai shi 16 a 1964. A jami'o'in Amurka an hana danna ƙwallo cikin kwando a 1967, lokacin Kareem yana ɗalibi, yana amsa sunan Lew Alcindor kafin duniya ta san shi da sunansa na Musulunci. Sai ya koma ya goge jifan ƙugiyar nan tasa, hannu can sama inda babu mai kaiwa, ya yi shekara 20 yana cin abinci da ita har ya tara maki 38,387. Duk da wannan takura, daga 1965 zuwa 1980, shekara 16 a jere, babu wanda ya zama gwarzon gasa face ɗan tsakiya.

Sai aka ja layin maki uku a 1979. Da farko ba wanda ya kula, ƙungiya ba ta yin jifa uku daga can a wasa guda. Kareem sau ɗaya ya taɓa ci daga bayan layin a duk rayuwarsa, Shaq ma sau ɗaya. A shekarar 2000 jifan ya kai wajen 14, yanzu ya haura 35. A 2001 kuma aka halatta tsaron yanki, wato ba dole kowa ya manne wa mutuminsa ba, ana iya taruwa a toshe wa ƙato hanya tun kafin ƙwallo ta iso shi. In kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Daga Shaq a 2000 ba a sake samun ɗan tsakiya gwarzon gasa ba sai Jokić a 2021, har ta kai a 2012 an cire gurbin senta daga takardar zaɓen wasan taurari. Dubi Roy Hibbert na Indiana, ƙafa 7 da inci 2, tauraro a 2014, zuwa 2017 babu shi a gasar. Tsawonsa bai ragu ba. Kawai an gano cewa in an jawo shi wajen layi, ƙafarsa ba ta mayar da shi gida da wuri. Brook Lopez kuwa ya ji kiɗan: jifan maki uku guda 3 ya ci a shekaru takwas na farko, a ta tara ya ci 134.

Don haka in ka ce na yanzu suna gudun ƙarƙashin kwando, ba tsoro ba ne, aikin ne aka ƙara musu. Shaq a yau babu mai tare shi, wannan ko tantama ba na yi, mutumin da ya durƙusar da ƙarfen kwando sau biyu a 1993. Amma duk dare ƙananan 'yan wasa za su riƙa jawo shi waje, sannan a ƙarshen wasa a riƙa yi masa keta da gangan, tunda kashi 52.7 cikin ɗari kawai yake ci a jifan kyauta. Jokić kuma ba ya tsalle, gudunsa kamar mai ɗauke da tulu, Denver ta ɗauke shi a lamba ta 41 a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2014. Amma ƙwallo in ta shiga hannunsa sai ka ga mutum huɗu suna yanka kamar an kaɗa musu ƙararrawa, don sun san za ta same su. A kakar 2024 zuwa 2025 ya haura goma a maki, a tsintuwa, da a miƙa ƙwallon da aka ci, a lissafin kowane wasa. Ko wannan ma ba sabo fil ba ne, Wilt ya fi kowa jimillar miƙawa a 1968.

In ka matsa mini in ɗauki ɗaya wanda zan ajiye a kowane zamani in tafi in yi barci, Hakeem zan ɗauka, kuma ba don ɗan Najeriya ne ba, ko da yake ba zan ce hakan bai yi mini daɗi ba. Yaro ne ɗan Legas da ya fara da tsaron gida a ƙwallon ƙafa da kuma ƙwallon hannu, sai wajen shekara 15 ya taɓa ƙwallon kwando, kuma a wani bikin wasanni a Sakkwato aka fara jefa shi gasa. Houston ta ɗauke shi na ɗaya a 1984, shekarar da Michael Jordan ya zo na uku. Ya tare ƙwallo sau 3,830, babu wanda ya kai shi tun da aka fara ƙirga, ya kuma sace ta sau 2,162, lambar da ƙananan 'yan wasa masu zafin nama ake gani da ita. Ka dubi waɗanda ya bi ta kansu. A 1994 ya doke Patrick Ewing a wasan ƙarshe, ya haɗa gwarzon gasa, gwarzon tsaro da gwarzon wasan ƙarshe a shekara guda. A 1995 ya yi wa David Robinson, gwarzon wannan shekarar, maki 35 a kowane wasa, sannan ya share Shaq da Orlando huɗu ba ko ɗaya. A watan Fabrairun 1995 ɗin, yana azumin Ramadan, shi aka ba gwarzon wata. Ewing, Robinson da Shaq duk sun fi shi tsawo ko nauyi. Da ƙafa ya ci su: ya nuna dama, ya juya hagu, ya ɗaga ƙwallo kamar zai jefa, ƙato ya tashi sama, shi kuma ya zame ta ƙarƙashin hammata. Kobe Bryant da LeBron James duk sai da suka je wurinsa koyon wannan taku bayan ya yi ritaya.

Abin da ya sa na nace a kan wannan, akwai yaron nan dogo da ke zuwa mana atisaye daga wajen Kumo, kun san shi, wanda takalminsa sai an yi masa cigiya a gwanjo. Ranar da ya fara zuwa kowa ya ce an samu senta, aka kafa shi ƙarƙashin kwando kamar turken awaki. Makon jiya na tsaya ina kallo, wani ɗan ƙaramin yaro da bai kai masa kafaɗa ba ya jawo shi bakin layi sau huɗu a jere. Biyu ya wuce shi, biyu ya jefa a kan idonsa, shi kuwa dogon yana tsaye ƙafafu a haɗe, gwiwa a miƙe, yana miƙa hannu bayan ƙwallo ta riga ta tafi. Da aka tashi ya zauna a kan siminti yana haki, ya ce mini, "Yaya, ni fa ban san inda zan sa ƙafata ba." Ko ranar da Gombe Bulls ke karawa da Kano Pillars ko Bauchi Nets, ka daina kallon kan dogayen, ka kalli ƙasa, za ka ga wanda aka koya wa da wanda aka bari da tsawonsa.

Na ce masa ranar Asabar ya zo da igiyar tsalle, kuma rabin sa'ar farko ba zai taɓa ƙwallo ba. Kai ma ka zo bayan sallar Asuba kafin rana ta buɗe, ka taho da wancan mai cewa Wilt gajeru ya samu, shi zai tsaya wa yaron a baya yana tura shi.